Taubashina Ya Ɗauke Komandi

Litinin, 8 ga watan cika-ciki, bayan la'asar

Gagara ya yi tahiya yau. Daga bakin rumfa har gindin dogon yaro, ya juyo da kanshi, ya sare tsohon bokitin Inna gida biyu. Ban gaya ma kowa ba. Garin nan in ka nuna musu abin kirki, tambayar farko ita ce ko yana noma.

Tun da aka hana hawan moto, wato babur, a ƙasar nan saboda ƴan bindiga, sana'ata ta mutu. Ni da ake layi a ƙofata, na koma walda ƙyaure da toshe tukunya. Moton kowa na kwance a zaure, kaji na ƙwai a kai. Daga cikinsu na tsinto Gagara: demarer biyu, injin tada moto, na jan tayun burweti, wato baro, sarƙar moto na ɗaga ruwan gatari, jikinshi ƙarhen tsohuwar ƙofar shago. Wata tele ta Yamai ta shirya karon robo, kowa shi ƙera nashi, a zuba su cikin keji su farfasa juna, ƙasa duka na kallo. A Kurfai kaf ni kaɗai aka ɗauka. Su suka aiko mini da komandin tuƙa shi daga nesa, baƙi, mai doguwar eriya.

Ina son mutanen Filinge su gan ni a tele. Ba don su yi murna ba, don su ji haushi.

Laraba, ranar cika-ciki, hantsi

Sahabi ya zo da tsintsiya. Ɗan Gwaggo Hawa, ƙanwar babana, wato taubashina, wato masifar da na taras a duniya. Kowace shekara ranar nan sai ya zo ya ɗan share ƙofata, ya tsaya sai na ba shi shara, don shi ɗan mace ne ni ɗan namiji.

Ya kaɗa tsintsiya sau ɗaya, ya tada mini ƙasa cikin wayoyi, ya ce, "Ɗan namiji, a ba ni sharata."

Na ce, "Bawa, zagaya baya, akwai kashin awaki."

Ya leƙa Gagara. "Wanga murhu fa? Masara za ka gasa a tele?"

Masu shan shayi a teburin Baƙo suka kwashe da dariya. Na ce mishi yau ba ni da lokacin ɗan Zabarma mai cin kopto, kwaɗon zogalensu, shi dawo gobe. Kahin in ɗago kai ya ɗauki komandi, ya rataya a wuya awa laya. Ya ce, "In ka shirya biyan shara ka aiko a karɓa. Ni na yi Baleyara da tumaki."

Na bi shi har bakin titi ina zagi na gaske. Tsofaffin majalisa suka tare ni, Malam Garba a gaba, wai Kailu taubashinka ne, kuma yau ranarshi ce, ba a hushi. Ba a hushi. Da zanen matar ɗayansu ya ɗauka da mun ga ko ba a hushi.

Laraba, magariba

Wayarshi a kashe. Inna ta kawo tuwo da wutsiyar ragon layya, wai yau kowa sai ya cika ciki. Ban ci ba.

Alhamis, azahar

Isuhu direba ya zo. A motarshi Sahabi ya tahi. Bai zauna ba, ya tsaya yana murza hula.

Ya ce a shingen farko aka sauke kowa, yadda ake yi tun harin da aka kai a hanyar Sanam. Wani soja ya ga komandi a wuyan Sahabi, ya ce mi ne wannan. Shi kuma shashashan ya ga zanen Gobir a huskar sojan, ya tuna shi ɗan Bazabarme ne, Zabarmawa kuwa na wasa da Gobirawa, wato ya samu wani taubashin. Ya ce, "Bagobiri, ba ka gaida ubangidanka? Wanga? Da shi nike tashin motocinku in na ga dama."

Isuhu ya ce sojan har ya fara murmushi. Babban da ke tsaye bayanshi bai yi ba.

An dawo da shi nan barikin bayan gari. Tumakin aka bar ma Isuhu, ya sauke su gidanmu don ya hi kusa.

Na tambayi Isuhu komandina fa. Ya dube ni, ya sa hularshi, ya tahi.

Juma'a, bayan an sauko

Gwaggo Hawa ta zo rumfa. Ba ta taɓa shigowa nan ba, tana cewa warin walda na sa ta ciwon kai. Yau ta zauna a kan tsohuwar taya.

Sun tahi bariki ita da mai unguwa. Abin da aka gaya musu: komandi ba ya aiki shi kaɗai, akwai abin da yake tadawa. A kawo abin, a kawo mai shi. In ba haka ba, ayarin Alhamis ta sama da soja ke rakawa zai wuce da Sahabi Yamai, wurin masu irin wannan shari'a. Wanda aka kai can, gida na daina tambayar ranar dawowarshi.

Ta ce, "Kailu, ɗan ɗan'uwana, ka kai musu abin wasan nan su gani."

Na ce ba abin wasa ba ne.

Ta ce, "To, ka kai musu ko mi ne ne."

Na ce, "Gwaggo, akwati ne na ƙarhe cike da batir da waya, ana tada shi daga nesa. Kin san abin da za su gani in sun dube shi? Kin san abin da za su yi mishi?"

"Na san abin da za su yi ma ɗana."

Na ce zan yi tunani. Ta ce kala suru, ban san ko ni take ba haƙuri ko kanta ba. Da ta hita na tura Gagara cikin rumbun gero, tunda babu kome ciki bana, na ruhe da kara.

Ba ni na rataya mishi a wuya ba.

Asabar, hantsi

Rezon waya ya dawo, mutanen tele sun kira. Ban gaya musu duka ba, na ce komandi ya samu matsala. Suka ce ba kome, akwai wani a ajiye, in zo da robo kawai. Sun samo izinin wucewa da shi a hanya. Karo ran Asabar ta sama ne, don haka in shigo ayarin Alhamis.

Ayari guda ke nan. Sahabi a motar gaba, ni da Gagara a ta baya.

Na ba mai unguwa bidiyon da na ɗauka ran Litinin, ya kai ma sojojin. Ya dawo ya ce sun ce kowa na iya ɗaukar bidiyo. To ni mi ya rage in yi? Na yi nawa.

Lahadi, asuba

Ruwa kamar da bakin ƙwarya. Kowa ya tahi gona. Ban tahi ba.

Lahadi, la'asar

Na je shan shayi. Baƙo ya zuba mini, ya ajiye kofin nesa da hannuna. Malam Garba, wanda ya tare ni a titi ran Laraba, ya gyara murya ya ce, "Kailu, jininka ne fa."

Na ce, "Malam, ran da ya ɗauka kuna nan zaune. Da kun bar ni na ƙwace abuna, da yanzu yana Baleyara yana cutar mutane da tumakinshi masu zawo. Ku kuka ce ba a hushi. Ku tashi ku kai musu al'adar taku su gani."

Wani ya ce a'uzubillahi a hankali. Na bar musu shayin.

Shekara da shekaru Sahabi na yi mini haka. Ya sa mini barkono a hura ran da na je gaida iyayen yarinyar da nake nema. Ya gaya ma garin nan wai na yi walda ma jaki wutsiya. Ran da aka hana moto ya zo ya yi mini ta'aziyya da gaske, da fatiha, mutane na faɗuwa don dariya, ni kuwa ban san abin da za mu ci ba. Duk lokacin sai a ce taubashi ne. Na tsani wannan kalma. Na tsani dariyarshi mai kama da kukan zabo.

Litinin, hantsi

Inna ta daina yi mini magana sai ta aiki. Yau ta ce, "Tumakin Sahabi na gidanmu. Ni ba ni ɗaukar ruwa da wannan bayan. Kai za ka ba su."

Na ba su. Ba su daina kuka ba. Babban ragon ya tunkuye ni a gwiwa, ga halin mai shi nan sak.

Litinin, magariba

Na buɗe rumbu na duba ko ruwa ya shiga. Bai shiga ba. Na shafa ma sarƙa mai. Tun kahin azumi nake kan abin nan, yatsuna duk tabon wuta. Ba wanda ya taɓa riƙe mini ko waya. Yanzu kowa ya san hanyar rumfata.

Ba ni na rataya mishi a wuya ba. Ba ni na sa mishi magana a baki ba.

Talata, azahar

Mariama matar Sahabi na kai mishi abinci kullum, a karɓa a ƙofa, a maido kwano. Yau ta biyo ta rumfa, ba ta gaishe ni ba, ta buɗe kwanon a gabana. Dambu ne da kopto, yadda ya tahi haka ya dawo. Ta ce jiya ma haka. Ta ruhe, ta aza a ka, ta wuce.

Mutumin da ke cinye nashi ya sa hannu a nawa.

Talata, la'asar

Ba tsoro nake ji ba. Amma sun ce a kawo abin, a kawo mai shi. Ba wanda ya ce za a maido mai shi. Wannan ba wanda ya tuna da shi, har Inna.

Laraba, asuba

Isuhu ya aiko in kai kaya tasha yau, a ɗaure su tun da rana, don ayari da sassahe zai tashi. Na ari amalanken jaki.

Laraba, bayan isha'i

Yanzu na dawo gida.

Na ɗora Gagara, na ruhe da tabarma. A mararraba jakin ya nuhi tasha don nan ya saba. Na karkata shi hagu, hanyar bariki. Ba don Sahabi ba. Na gaji da kukan tumaki.

Tun daga nesa aka daka mini tsawa in tsaya. Aka ce in ɗaga riga, in juya, in yaye tabarmar da kaina. Da suka ga wayoyi sai kowa ya ja baya, na ji ƙarar bindigogi ana gyarawa. Na ce ni ne Kailu mai walda, ni ne mai komandi. Aka sa ni na ja amalanken zuwa wani hili bayan bariki, na sauke shi ni kaɗai, na kore jakin.

Sannan aka hito da Sahabi. Ba zan rubuta yadda na gan shi ba. Rigar ran cika-ciki ce a jikinshi. Aka zaunar da shi a ƙasa, gwiwarshi na taɓa tayar Gagara.

Babban nasu, mai muƙamin ajidan, ya miƙo mini komandi da kanshi. Ya ce, "Ka ce na wasa ne."

Na ce na karo ne, na tele.

Ya ce, "To kunna. Ɗan'uwanka na kusa da shi." Suka koma bayan buhunan yashi.

Na san kowace waya da ke cikin akwatin nan, ni na ɗaura ta. Duk da haka da na kai yatsa sai na kasa. Gatarin na saitin kafaɗarshi. Na ce, "Sahabi, matsa kaɗan." Bai matsa ba, bai ma ɗago kai ba. Na yi bisimilla na kunna. Na ja Gagara baya a hankali, na zagaya da shi bayan Sahabi, na kai shi wurin wata jarka da aka yar, na sake gatari. Jarkar ta tashi sama ta faɗo gida biyu.

Ƙananan sojojin suka yi dariya. Mai zanen Gobir ɗin har da tafa hannu, ya ce a sake. Na sake. Na juya shi a wuri guda, na hau da shi kan tudu, na sauko. Wallahi bai taɓa tahiya mai kyau irin ta yau ba. Su ke nan ƴan kallon da ya samu.

Ajidan bai yi dariya ba. Ya ce, "Mi ke ciki?"

Na lissafa mishi. Ya ce bai ce in gaya mishi ba, buɗewa zan yi. Na kwance murhin sama na nuna mishi batir. Ya nuna ƙasan, inda na yi walda ninki biyu don kada gatarin wani shi huda. Ya ce nan fa. Na ce nan ba ya buɗuwa, ba kome ciki sai ƙarhe. Ya sa aka kawo mini zarto da guduma.

Na yi walda mai kyau, wannan kam na shaida yau. Tun azahar nake yanka har rana ta yi ja. Duk abin da na ciro sai a ɗaga, a juya, a ajiye gehe. Sahabi na zaune inda aka ajiye shi. Sau ɗaya na ce mishi, "Bawa, ko riƙe mini ba ka yi?" Ya dubi sojan da ke kanshi, ya maida kai ƙasa.

Sun riƙe batir, da wayoyi, da demarer, da komandi. Sun ba ni tayun burweti da ruwan gatari. Suka ce in tahi. Na ce shi fa? Suka ce in tahi.

Alhamis, hantsi

Ayari ya tashi. Mariama ta tsaya a bakin titi ta leƙa kowace mota. Ba ya ciki.

Mutanen tele sun kira. Ban ɗauka ba.

Juma'a, la'asar

An sako shi. Na ji guɗa daga gidan Gwaggo. Inna ta ɗauki mayahi ta tahi, ta ce ba ka zuwa? Na ce ina da aiki. An zo an kwashe tumakin.

Malam Garba ya biyo ya ce Allah shi yi mini albarka. Na ce amin, na ci gaba da goge ƙyauren da na riga na goge.

Asabar, bayan magariba

Baƙo ya hito da tele waje, rabin unguwa na gabanta. Daga rumfa ina jin ihun. Ban yi niyyar zuwa ba, na dai wuce sayen ashana. Wanda ya ci wani akwati ne mai kama da kwanon wanki, ba ya kome sai ture. Gagara da ya raba shi biyu kahin mai shi ya gyara tsayuwa.

Wani ya ce, "Kailu, da yanzu kai ne can." Na ce da yanzu uwarka ce can. Aka riƙe mu.

Talata, hantsi

Sahabi ya zo.

Na gan shi tun daga dogon yaro, yana tahiya a gehen hanya. Na shirya mishi. Tun ran Laraba nake tara abin da zan gaya mishi, na jera su, na san da wanda zan fara.

Ya tsaya a bakin rumfa ya yi sallama. Sahabi bai taɓa yi mini sallama ba, shigowa yake yi ya zauna a kan abin da nake aiki. Ya tuɓe takalmi. Ya gaishe ni, ya tambayi Inna, ya tambayi aiki, ya tambayi ruwa, duka a jere, yadda ake gaida surukai. Ya ce, "Malam Kailu, na zo in yi godiya. Na ɓata maka aiki. Ka yi haƙuri."

Na ce, "Wane ne malam? Ɗan Zabarma, a can suka koya maka ladabi? Da na sani da na bar ka ka ƙara sati."

Ya ce, "Haka ne."

Na ce kanshi ya ƙara kama da tulu. Na ce ragonshi ya hi shi hankali. Na ce bawa dai bawa ne, ko an wanke shi. Na ɗaga murya don masu shayi su ji, na bar mishi ƙofa a buɗe, irin wadda da ba ya bari ta wuce sai ya rama sau uku. Masu shayi na jira, ni ma ina jira.

Wata babbar mota ta wuce a titi. Ya juya da sauri, ya bi ta da ido har ta ɓace. Sannan ya ce, "To, a gaida Inna." Ya sa takalminshi.

Na kira shi. Na ce, "Sahabi, ba ka karɓi shararka ba." Na ciro abin da ke aljihuna na miƙa.

Ya dawo, ya durƙusa, ya karɓa da hannu biyu, ya ce Allah shi saka da alheri.